Darasi na 9: Launi da Mabuɗi a Taswirar Alƙaluma

Duk uwar da ta taɓa kai yaro awo, a asibitin cikin Gumel ne ko a ɗan asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, ta san siririn tef ɗin nan mai launi uku da ake naɗa wa yara a damtse. Ma'aikaciya takan kama hannun yaro, ta nemo tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta zura bakin tef ɗin ta 'yar kafar da ke jikinsa, ta ja a hankali har ya kwanta a fata, bai matse ba, bai kuma yi sako-sako ba. Sai ta leƙa 'yar tagar. Uwa ma leƙawa take yi, kuma tun kafin a ce mata uffan ta riga ta gane. In kore ne ta yi ajiyar zuciya, in ja ne gabanta ya faɗi.

Abin da uwa ba ta cika sani ba shi ne lambobin da ke kwance a ƙarƙashin launin. Ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, ja na nufin kaurin damtse bai kai santimita 11.5 ba, wato tamowa mai tsanani. Rawaya ya tashi daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5. Kore kuwa daga 12.5 ne zuwa sama. Yaron da ya auna 11.4 da wanda ya auna 11.6, bambancinsu bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba, amma ɗaya ja, ɗaya rawaya. Wanda ya auna 12.6 da ɓulɓul ɗin da ya auna 16 kuwa duk kore ne. Wani abin kuma, kafin shekarar 2009 iyakar ja tana kan santimita 11 ne. A shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka matsar da ita zuwa 11.5. Ke nan yaron da tsohon tef bai sa shi a ja ba, sabo na iya sa shi, alhali bai rame ko da ƙwayar gero ba. Mutane ne suka zauna suka zaɓi launin, suka kuma zaɓi inda kowane launi zai tsaya.

Haka abin yake ga taswirorin nan masu launi da ke yawo a wayoyinmu, ake kuma liƙawa a bangon ofisoshin gona da na lafiya: hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, taswirar rigakafi, taswirar ƙarancin abinci, hoton tauraron ɗan'adam mai nuna inda ciyawa ta tofo. Kowace tana da abu uku. Akwai alƙaluman da aka tattaro. Akwai jerin launukan da aka ɗora musu, wanda a darasin nan za mu kira tsanin launi, don hawa-hawa yake. Sai kuma ɗan akwatin da ke gefe, mai faɗin abin da kowane launi ke nufi. Shi ne mabuɗi. Manhajar kwamfuta takan zaɓa wa mutum tsani da mabuɗi da kanta idan bai ce komai ba, kuma galibi zaɓinta bai dace da mu ba.

Dabarar shafa wa taswira launi ba ta yau ba ce. A 1826 wani Bafaranshe, Charles Dupin, ya zana taswirar ƙasarsa, ya shafa wa kowane lardi duhu gwargwadon ƙarancin yara maza da ke makaranta a cikinsa. Inda karatu ya yi yawa ya bar shi da haske, inda ya yi ƙaranci ya yi masa baƙi. Daga nan aka shiga maganar Faransa mai haske da Faransa mai duhu. Mu da muke cewa duhun jahilci ba ma buƙatar tafinta a nan.

Tsani iri uku

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda marini ke tsoma farin ƙyalle a ruwan baba, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake mayarwa. Tsomin farko shuɗi ne mai haske. Kowane tsomi na ƙara masa duhu, har ya kusa kai baƙin rawanin ɗan Kura. A ɗauko ƙyalle biyar daga tsomi daban-daban a cakuɗa su a ba yaro, zai jera su daga mai haske zuwa mai duhu ba tare da kowa ya koya masa ba. Wannan shi ne tsani na farko, kuma shi ya fi kowanne amfani: launi ɗaya, yana ƙara duhu yayin da adadi ke ƙaruwa. Da shi ake nuna yawan ruwan sama, yawan jama'a, yawan ɗalibai a hannun malami ɗaya, duk abin da ke tashi daga kaɗan zuwa da yawa.

Na biyu mai reshe biyu ne. Manomi a Danzomo ko Maikilili ba ya tambayar milimita nawa aka samu. Tambayarsa ita ce, bana ta kai yadda aka saba ko ta gaza? Masana yanayi sukan auna kowace damina da matsakaicin shekaru talatin, kuma wanda ake aiki da shi yanzu na 1991 zuwa 2020 ne. Irin wannan tambaya tana da tsakiya, don haka tsaninta ma dole ya kasance da tsakiya: fari ko ruwan toka mai haske inda damina ta zo daidai, ruwan ƙasa mai ƙara duhu ta ɓangaren ƙamfa, shuɗi mai ƙara duhu ta ɓangaren rara. A nan akwai tarko. Mu ce a wata shekara wuri mafi ƙamfa ya gaza da kashi 40 cikin ɗari, wuri mafi samu kuma ya haura da kashi 10. Manhajar da aka ƙyale za ta raba tazarar biyu, ta ajiye farin a kan gazawar kashi 15. Garin da ruwansa ya gaza da kashi 10 sai ya fito da shuɗi-shuɗi, kamar ya samu rara, alhali geronsa na yaushi. Mai taswira ne zai kama farin da hannunsa ya ɗaure shi a kan sifiri.

Na uku ba tsani ba ne ma idan an bi ta ƙaƙale, don ba ya hawa. Idan ana son nuna inda aka fi noma gero, inda aka fi riɗi, inda aka fi zoɓo, da inda burtali ya ratsa, babu wanda ke sama da wani. Launuka mabambanta ake so, kowanne da fuskarsa. Wanda ya yi amfani da tsanin marina a nan ya faɗa wa mai kallo cewa zoɓo gero ne da ya ƙara tsomi. A bi abin da ido ya saba: tafki shuɗi, daji kore, zoɓo kuwa ai ya riga ya zaɓi launinsa. Kada a wuce launi shida ko bakwai, don daga nan ido ya fara rikita su.

Ba sai mutum ya ƙirƙiro waɗannan jerin da kansa ba. Wata malamar taswira a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, Cynthia Brewer, ta gwada su ta tara a wani shafi mai suna ColorBrewer tun 2002, an kasa su gida ukun nan, kyauta ne, kuma manyan manhajojin taswira duk sun ɗauke su.

Bakan gizo

Akwai jeri ɗaya da ya fi kowanne ɗaukar ido, shi ne na bakan gizo: shuɗi, kore, rawaya, ruwan goro, ja. Shekara da shekaru shi ne manhajojin kimiyya ke fara miƙo wa mutum. Tsofaffi kan ce bakan gizo shanye ruwa yake yi. A taswira ma akwai abin da yake shanyewa.

Matsalarsa ta farko ita ce ba shi da tsarin da ido ke ganewa. Ba yaro ƙyalle ja da kore da rawaya ka ce ya jera su daga ƙarami zuwa babba, zai tsaya yana kallonka. Ta biyu, haskensa ba ya tafiya a jere. Bakinsa biyu duk duhu ne, tsakiyarsa kuma, wajen rawaya, tana ƙyalli, don haka ido yakan ruga can ko da babu abin gani. Inda kore ya juya rawaya sai a ga layi kamar an ja iyakar gona, alhali alƙaluman a hankali suke hawa. A cikin koren kuma, da yake yana da faɗi, bambanci na gaske yakan ɓace. A 2011 masu bincike a Jami'ar Harvard sun gwada hotunan jijiyoyin zuciya da jeri daban-daban, suka tarar masu dubawa sun fi kuskure wajen gano wuraren haɗari idan an yi amfani da bakan gizo. Manhajar MATLAB ta sauke shi daga matsayin zaɓin farko a 2014. Matplotlib, wadda masu bincike da yawa ke zana alƙaluma da ita, ta koma wani jeri mai suna viridis a 2017. Shi wannan yana tashi ne daga shunayya mai duhu, ya bi ta shuɗi da kore, ya ƙare a rawaya, kuma kowane taki yana ƙara haske daidai da na bayansa. Tsanin marina ne aka yi wa ado.

Sai maganar ja da kore. Akwai mutanen da aka haifa idonsu ba ya raba su sosai. Ba dundumi ba ne, ba kuma hakiya ba, gado ne, kuma ya fi kama maza. A cikin Turawa kusan namiji ɗaya ne cikin goma sha biyu. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma a taron maza ɗari da wuya a rasa, kuma da yawansu ba su ma san suna da shi ba.

Ni kaina na taɓa shan kunya a kan ja da kore, ba ma ta wajen ido ba. An gayyace ni wani zama da dattawan ƙauyuka a ajin wata firamare a ƙasar Gagarawa, kan maganar ruwan sha. Na kwana ina shirya taswira: ƙauyen da famfonsa ke aiki ɗigo kore, wanda nasa ya lalace ɗigo ja. A allon kwamfuta ta yi kyau ƙwarai. Da safe babu wuta, babu man janareta, sai na aika yaro a babur ya gurzo mini kwafi talatin a shago. Baƙi da fari suka zo. Aka raba, kowa ya sunkuya. Can wani dattijo ya matso da takardar kusa da fuskarsa, ya nisanta ta, ya sake matsowa, sannan ya ce, "Malam, to mu a ina muke, cikin masu ruwa ko marasa?"

Na karɓa na duba. Jan da koren duk sun zama toka iri ɗaya, har a cikin mabuɗin. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifina ne." Haka na bi benci-benci da biro ina yi wa lalatattun famfuna gicciye, rabin sa'a ta tafi a banza. Da tun farko na yi ɗaya da'ira mai haske, ɗaya kuma murabba'i mai duhu, da ko a kan takardar ƙosai aka buga za ta karantu. Tun daga ranar ba na sakin taswira sai na gan ta a baƙi da fari.

Inda aka yanka

Nan ne aikin yake, don haka za mu ɗan daɗe. Ga alƙaluma na gaske. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel sun tashi da kimanin haka: Gagarawa mutum dubu 80, Gumel dubu 107, Sule Tankarkar dubu 130, Maigatari dubu 180.

A ce launi biyu za mu yi, mai haske da mai duhu. Idan muka yanka a dubu 100, Gagarawa kaɗai ce mai haske, sauran uku duhu. Mai kallo zai ce an bar Gagarawa a baya. Idan muka yanka a dubu 150, Maigatari kaɗai ce mai duhu, sai ya ce Maigatari ta yi wa kowa fintinkau. Idan muka raba biyu-biyu, Gumel ta bi Gagarawa, Sule Tankarkar ta bi Maigatari, labari na uku ke nan. Babu lamba ɗaya da aka taɓa, babu wanda ya yi ƙarya, amma taswira uku sun fito suna faɗin abu uku.

Manhaja tana da hanyoyin yanka da take bayarwa. Ɗaya ita ce tazara daidai: a ɗauki mafi ƙanƙanta da mafi girma a raba tsakaninsu gida-gida iri ɗaya. Daga 80 zuwa 180 tazarar 100 ce, gida uku ke nan kowanne wajen 33: Gagarawa da Gumel a ƙasa, Sule Tankarkar a tsakiya, Maigatari a sama. Mabuɗinta yana da sauƙin karantawa, amma idan wuri ɗaya ya yi wa sauran nisa ƙwarai sai ya cinye duhun shi kaɗai, sauran su cushe a launi ɗaya. Ta biyu adadi daidai ce: kowane launi ya sami yawan wurare iri ɗaya. Taswirarta kullum tana da armashi, kuma nan haɗarinta yake, don ko da duk wuraren kusan ɗaya suke sai ta nemo wa wasu duhu. Ta uku tana neman inda alƙaluman suka bar giɓi da kansu ta yanka a nan. George Jenks, malami a Jami'ar Kansas, shi ya fito da ita a 1967, kuma da sunansa ake kiranta. Tana da kyau ga taswira guda, amma ba ta dace da kwatanta shekara biyu ba, don giɓin bana ba shi ne na bara ba.

Kafin ma a kai ga yanka, a tambayi kai me ake shafawa. Gumel ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa cikin huɗun, Sule Tankarkar kuwa ta haura murabba'in kilomita 1,200. Idan aka raba yawan jama'a da faɗin ƙasa, Gumel da take ta uku sai ta haye sama ita ce mafi duhu, Sule Tankarkar da take ta biyu ta sauko can ƙasa kusa da Gagarawa. Ga taswirar da ake shafe yanki duka da launi, wannan rabon shi ya fi daidai: mutum nawa a murabba'in kilomita, yara nawa cikin ɗari aka yi wa allura, ba jimillar kawuna ba. In ba haka ba, yanki mai faɗi ya ci riba biyu, ga yawan lamba ga cika ido.

Akwai kuma taswirorin da ba a yarda kowa ya taɓa yankansu ko launinsu ba. Bayan farin 1973 ƙasashen Sahel sun kafa ƙungiyar CILSS, a 1974 kuma aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai. Daga nan ne tsarin auna ƙarancin abinci da ake kira Cadre Harmonisé ya fito, wanda Nijeriya ta shiga a 2015, Jigawa na cikin jihohin farko. Hawa biyar gare shi: kore mai haske lafiya lau, rawaya an fara matsuwa, ruwan goro rikici, ja gaggawa, ja mai duhu yunwa. An tsayar da launukan ne don a iya ajiye taswirar Maigatari kusa da ta maƙwabtanta na jihar Damagaram a karanta su da ido ɗaya. Amma ga abin da launin ba ya faɗa. Ƙa'idar ita ce, yanki yana ɗaukar launin wani hawa idan aƙalla kashi 20 cikin ɗari na mutanensa suna wannan hawan ko wanda ya fi shi muni. Ƙaramar hukumar da aka shafa ruwan goro ba kowa ne a cikinta ke cikin rikici ba, mai yiwuwa gida ɗaya ne cikin biyar. Wadda aka bari a rawaya kuma tana iya ɗauke da kashi 19. A wuri mai mutum dubu 180, kashi 19 ya haura mutum dubu 34, kuma taswirar ba za ta nuna ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tsawon tsani

Ruwan da ke sauka a arewacin Jigawa a shekara yana kaiwa da komowa ne a wajen milimita 500 zuwa 700, na Fatakwal kuwa ya haura 2,000. Taswirar ƙasa baki ɗaya dole tsaninta ya miƙe ya ɗauke duka biyun, shi ya sa a cikinta Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kan fito da launi ɗaya. Mai son ganin bambanci tsakanin Jeke da Medu sai ya gajarta tsanin, ya ce wa manhaja ta fara daga 400 ta tsaya a 800.

Kishiyar wannan ta fi yaudara. Manhaja takan duba alƙaluman da ke gabanta ta ba mafi girma launi mafi duhu, kowace taswira da nata ma'aunin. Ɗauki hoton tauraron ɗan'adam na ganyen ƙasa, wanda ake aunawa daga -1 zuwa 1. A yi ɗaya na Agusta, ɗaya na Maris, a ƙyale manhaja. A na Maris, lokacin da ƙasa ta yi fayau, 'yan layukan darbejiya da lambunan bakin rijiya za su ɗauki kore shar irin wanda gonakin gero suka ɗauka a Agusta, don su ne gwanaye a fagen da babu kowa. Wanda ya ajiye su gefe da gefe zai ce rani da damina ɗaya ne. Duk taswirorin da za a kwatanta, a rubuta musu farko ɗaya da ƙarshe ɗaya da hannu.

Rubuta mabuɗi

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, in ka tambayi riɗi aka ce maka lamba kawai, ba ka ji komai ba tukuna. Tiya ce ko buhu? Naira ce ko sefa? Farashin safe ne ko na la'asar? Mabuɗi ma haka. Dole ya faɗi abin da aka auna, da me aka auna, da yaushe. "Ruwan sama" bai isa ba. "Ruwan sama, milimita, Yuni zuwa Satumba 2023" shi ne kai.

Manhaja takan rubuta iyakoki irin 113,333.3333, ta kuma sa wa mabuɗin sunan fayil ɗin da babu mai gane shi sai ita. A goge a rubuta lambobi masu kan gado. A kula da bakin iyaka: idan an rubuta 100 zuwa 200, sannan 200 zuwa 300, mai 200 cif ina zai shiga? A ce 100 zuwa ƙasa da 200. Inda babu bayani kuma, kamar mazaɓar da ba a kawo rahotonta ba, kada a bar ta da launi mafi haske, don za a ɗauka sifiri ce. Rashin rahoto daban, rashin abu daban. A ba ta ruwan toka ko a ja mata layuka, a sa ta a mabuɗi: ba a samu bayani ba. A ƙasa a rubuta daga ina alƙaluman suka fito.

In taswirar ta mutanenmu ce, a rubuta mabuɗin da Hausa. Sai dai a duba haruffa masu ƙugiya, don wasu salon rubutu na kwamfuta ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati a madadinsu. Noto Sans na da su duka.

A gaban kwamfuta

Manhajar da za mu yi aiki da ita QGIS ce. Gary Sherman ne ya fara ta a 2002, kyauta ce, kuma da zarar an ɗora ta ba ta neman intanet. Iyakokin mazaɓu ana samun su daga shirin GRID3. Masarautar Gumel na da mazaɓu 42: Gumel 11, Maigatari 11, Gagarawa 10, Sule Tankarkar 10.

Bayan an buɗe fayil ɗin iyakokin, a danna sunansa sau biyu a shiga shafin da aka rubuta Symbology. Can sama akwai zaɓi. Graduated na alƙaluma masu hawa ne, Categorized na abubuwa iri-iri kamar amfanin gona. A zaɓi layin alƙaluman da ake so, a zaɓi tsanin launi, a faɗi gida nawa, biyar ya isa. Idan duhun ya faɗa ta ɓangaren da ba a so, akwai wurin juya tsanin. A gwada hanyoyin yanka ukun nan ɗaya bayan ɗaya a ga yadda taswirar ke sauya fuska, sannan a danna kowace iyaka sau biyu a gyara ta da hannu. Rubutun da ke gefen kowane launi shi ne zai fito a mabuɗi, a nan ake mayar da shi Hausa. A shafin shirya bugu, bayan an ɗora mabuɗi, a cire alamar da ke sa ya riƙa sabunta kansa, in ba haka ba ba zai bari a taɓa shi ba. Daga ƙarshe, a ƙarƙashin View akwai Preview Mode, wanda ke nuna taswirar a baƙi da fari, da kuma yadda mai rikita ja da kore zai gan ta. Da na san da shi kafin zaman Gagarawa, da birona bai sha wahala ba.

Aiki

1. Ba a buƙatar kwamfuta. Ku zana ƙananan hukumomin huɗu a littafinku: Gumel a tsakiya, Maigatari a arewa, Sule Tankarkar a yamma, Gagarawa a kudu. Ku yi kwafi uku. Da fensir kaɗai, ta hanyar dannawa da sassautawa, ku shafa su bisa alƙaluman 2006: ta farko yanka a dubu 100, ta biyu a dubu 150, ta uku gida uku masu tazara daidai. Kowace a yi mata mabuɗi.

2. A ce kai ne shugaban ƙungiyar ci gaban Gagarawa, ko ke ce shugabar mata a Maigatari, za ku je neman ƙarin azuzuwa. Wace taswira cikin ukun kowannenku zai so ya riƙe? Me ya kamata wanda aka kai wa ya fara dubawa?

3. Wane irin tsani ya dace da kowanne: farashin tiyar gero a kasuwanni goma; kasuwannin da suka fi raƙuma, da na shanu, da na hatsi; hawa ko saukar farashin bana a kan na bara?

4. Ku nemo taswira mai launi guda ɗaya, a waya ko a bangon asibiti ko ofishin malamin gona. Ku rufe mabuɗinta da hannu, ku tambayi mutum uku a gida abin da suka fahimta, ku rubuta amsarsu. Sannan ku ɗaga hannun ku karanta musu. Ku zo da taswirar da amsoshin a zama mai zuwa.